Yaya Lado Zai Tafi Alaska

Yayana Lado ya yanke shawarar ratsa duwatsun Alaska a ƙafa ne a falon Alhaji Kabir, wata Lahadi bayan la'asar, yana riƙe da cinyar kaza. Kafin ranar ban taɓa jin ya ambaci Alaska ba, kuma na tabbata da an shimfiɗa masa taswira a lokacin, wajen Dubai zai ɗora yatsa.

Ni na jawo maganar ba da niyya ba. Ni ce 'yar rakiyarsa duk sanda zai je zance wurin Halima Sa'adiya, 'yar Alhaji, don Alhaji ba ya yarda saurayi ya shigo masa gida shi kaɗai, ko da a New York ne. Ina aiki a wani shagon kitso a titi na 125, kuma tsakanin Harlem da gidanmu a Parkchester da ke Bronx ba ni da abin yi a jirgin ƙasa sai karatu. Duk littafin da na aro a laburare, in ya yi mini daɗi, sai na kai wa Halima. Ranar na kai mata wani mai hotunan Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka. Akwai duwatsu masu farin kai a ciki, da kogunan ƙanƙara da suka daskare tun kafin a haifi kakan kakanmu amma har yau suna jan ciki zuwa ƙasa a hankali, da wani tafki a gindinsu, shuɗi kamar marina sun juye karofi a ciki. Halima ma'aikaciyar jinya ce, ta dawo daga asibiti a gajiye. Ta daɗe tana kallon tafkin, sannan ta ce, kamar da kanta take magana, da ma mutum ya taɓa ruwan nan da hannunsa kafin ya bar duniya.

Yaya ya ce shi zai ɗebo mata. Ya ce zai sauka a jirgi, ya hau dutsen nan na hagu, ya ratsa ƙanƙarar ta tsakiya, ya gangara tafkin ya cika gora. Yana magana yana nuna hanyar da cinyar kaza, har maiƙo ya ɗiga a kan littafin laburare.

Alhaji ya sauke wayarsa daga fuska. An daɗe Yaya na neman izinin turo magabata, Alhaji bai ce a'a ba, bai ce i ba. Ya yi shekaru yana aiki a ofishin jakadanci, ya iya riƙe mutum a tsakanin amsoshin nan biyu har mutum ya yi furfura. Dalilinsa kuwa kowa ya sani. Yaya ya fara karatun jinya ya bari, wai jini na da ƙarni. Ya fara sayar da huluna ya bari, wai kawunan mutanen Amurka ba su da tsari. Ya fara koyon tuƙin tirela ya bari ranar da ya gano ana yin baya da ita. Yanzu tasi yake ja.

"To, ka je ka ɗebo," in ji Alhaji. "In ka dawo da ruwan, ka turo magabatanka."

Halima ta ce ita fa magana kawai ta yi, ba ta aiki kowa ba. Yaya ya ce ai magana ta riga ta fita daga bakin namiji, ya cinye sauran kazar.

Gaskiya a hanyar gida daɗi nake ji. Duk faɗin Bronx ban san macen da aka taɓa ɗebo wa ruwa daga ƙarshen duniya ba, kuma na daɗe ina ɗinka ankon bikin nan a zuciyata. Na ce zan aro masa littattafai a kan tafiyar. Ya ce karatu na waɗanda ba su taɓa hawa dutse ba ne. Shi ya hau Dala da silifa, da azumi a bakinsa, ya sauko ya wuce Goron Dutse a rana guda. Ƙanƙara kuwa, ya ja tasi a cikinta ranar da motocin gwamnati ma suka kwanta. Ya ce, "Auta, dutse dutse ne. Na can fari ne kawai."

Cikin mako kaya suka fara isowa. Jakar goyo da ta kusa kai ni tsawo, buhun barci, gatarin sarar ƙanƙara, safar hannu masu kama da matashin kai, da wasu haƙoran ƙarfe da ake ɗaura wa takalmi don kada santsi ya kwashi mutum. Su ya fara gwadawa. Ya ɗaura su a falo ya shiga kai-kawo daga ƙofa zuwa taga yana ɗaga ƙafa kamar zakara a cikin taɓo. A zagaye na farko ya huda kafet. A na biyu ya taka dardumar sallar Umma, ta maƙale masa a ƙafa, ya ja ta har kicin bai sani ba. Umma ta bi shi da muciya tana tambayar ko Alaskan a ɗakin girkinta take.

Ba a jima ba aka buga ƙofa. Abdul-Samed ne, maƙwabcinmu na ƙasa, mutumin zangon Kumasi, direban bas, wanda ya yi aikin safe ya dawo zai ɗan runtsa. Akwai farin garin silin a kansa da kafaɗunsa. Ya leƙa falon, ya dubi ƙafafun Yaya, ya tambaya cikin ladabi ko doki muka sayo. Yaya ya yi masa bayanin tafiyar tun daga jirgi har gora. Abdul-Samed ya saurara har ƙarshe, ya ce shi ba shi da matsala da Alaska, yana ma roƙon Allah ya kai Lado can da wuri, kuma in akwai wata ƙasa gaba da ita ya wuce.

Da Umma ta hana atisaye a cikin gida, sai ya koma waje. Ya ce dole kafaɗa ta saba da nauyi. Ya ɗauki buhun shinkafar Umma ya cusa a jakar goyo, ya jefa haƙoran ƙarfen a kai, ya nufi matattakalar tashar jirgin ƙasa, wadda ke hawa sama daga titi. Ya hau ya sauko, ya hau ya sauko, ma'aikata masu sauri suna kauce masa suna ƙunƙuni. Haƙoran suka huda buhun, suka huda gindin jakar. Shi dai ya ji nauyin na raguwa, ya ɗauka ƙarfi ne ke zuwa masa. Ina saukowa daga jirgi na gan shi yana takawa gida da ƙirji a buɗe, farin layi na bin sa a baya, a kan layin kuma duk wata tattabara da ke Bronx. Har ƙofar gininmu suka raka shi. Tsofaffin da ke zama a benci suka tashi tsaye don su gani sosai. Anti Afua, matar Abdul-Samed, ta ce ta taɓa ganin mai kiwon awaki da mai kiwon kaji, amma yau ta ga mai kiwon tattabarun gwamnati. Kwanaki bayan nan tattabarun na jiran sa a bakin ƙofa kowace safiya, suna yi wa motarsa ado.

Tantin kwanan da ya sayo ma da Anti Afua ya haɗa shi. Irin wanda ake naɗewa kamar faifai ne, in an sake shi ya buɗe da kansa. Yaya ya karɓo shi daga ƙasa, suka shiga lif, na'urar hawa bene, tare da ita, tana ɗauke da roba cike da wanki. Ta tambaye shi mene ne wannan kuma. Maimakon ya faɗa da baki, sai ya kwance igiyar don ta ɗan leƙa. Da lif ɗin ya buɗe a benenmu, babu abin da ake gani sai koren tanti ya cika shi daga bango zuwa bango, muryar Anti Afua na fitowa daga wani lungu tana faɗin abubuwa da Turanci da yaren Asante da Hausa, duk a haɗe. Ƙofar ta rufe, suka wuce sama. Sun je bene na ƙarshe sun dawo kafin a samu wanda ya jawo ta ta ƙarƙashi. Yaya ya ce aƙalla yanzu an tabbatar tantin na ɗaukar mutum biyu da kayansu. Bai taɓa naɗuwa ba kuma. A falo aka ajiye shi, Umma na kallon talabijin ta ƙofarsa.

Halima ta kira shi ta ce don Allah ya bar maganar nan, za ta lallaɓa Abbanta ta wata hanyar. Ya ce mata ta tanadi kwalba mai kyau kawai.

Saura sanyi. Muna tsakiyar watan Yuli, zafi na fitowa daga kwalta kamar daga tanda, shi kuwa ya ce jiki na bukatar ya gaisa da ƙanƙara kafin su haɗu. Sai ya tuna da Kadri, wani mahauci ɗan Maraɗi da ke da shago a titi na 116, inda muke sayen naman rago. A bayan shagon akwai ɗakin sanyi da ake rataye nama. Ranar na tashi aiki da wuri, ya ce in zo in ɗauke shi hoto.

Kadri ya tambaye shi sau biyu mi yake so, don bai yarda da abin da kunnensa ya ji ba. Yaya ya sa riga a kan riga, ya sa ƙatuwar jaket, ya sa safar nan masu kama da matashin kai, ya shiga ya zauna a kan bokiti tsakanin raguna. Ya ja kunnenmu kada wanda ya buɗe ƙofa komai ya ji, don rauni daga waje yake shigowa. Kadri ya ɗaga kafaɗa, ya rufe, ya ce mini akwai hannun buɗewa ta ciki, in ya gaji ya fito. Aka kira la'asar a masallacin kusa, ya bar wa abokin aikinsa shago ya tafi. Ni kuma na tsallaka titi sayen turare.

Na dawo na tarar da mutane cike da bakin shagon, babu mai shiga. Wata dattijuwa 'yar Senegal na zaune a kan kujera ana yi mata fifita. Ta zo sayen kai da ƙafa ne, tana cikin zaɓa ta ji nama na kalmar shahada daga bayan bango. Abokin aikin Kadri ya ce shi ma ya ji, amma an ce masa kada ya buɗe komai ya ji. Kadri ya iso da carbi a hannu, ya ratsa mutane ya ja ƙofar.

Yaya na tsaye rungume da wani rago da aka feɗe, gemunsa fari, leɓensa ya yi shuɗi. Ya yi ta neman hannun ƙofar, safar ta hana shi kamawa, kuma bai yi tunanin cire ta ba. Aka zaunar da shi a rana, aka sayo masa shayi mai zafi. Sai da haƙoransa suka daina kaɗawa ya yi bayani, wai gwada muryarsa yake yi, don a kan dutse iska ba ta da kauri, dole mutum ya san iya inda kiransa ke kaiwa. Kadri ya ce to ya kai har titi, kuma ragon nan da ya runguma babu mai sayensa yanzu, sai ya tafi da abokinsa gida. Haka muka hau jirgi da rago guda a leda, Yaya na atishawa a kowace tasha.

Washegari na shiga falo na same shi zaune a cikin tanti, ya lulluɓa da bargo, yana kallon wani abu a waya ba sauti. Na leƙa ta kafaɗarsa. Beyar ce, wannan ƙatuwar dabbar dajin can mai gashi, ta miƙe tsaye tana buɗe ƙofar mota kamar mai buɗe gwangwanin madara. Da ya ji motsina ya kife wayar, ya ce ƙwallo yake kallo. Na je na dafa masa citta.

A lokacin labari ya gama gari. Kuma mutanenmu ba sa barin matafiyi ya tafi hannu sake. Mata suka fara aiko guzuri: kilishi daga wata Hajiya a Brooklyn, dambun nama daga matar liman, soyayyen nama a man shanu daga ƙawayen Umma, ƙuli-ƙuli, daddawa, har da busasshen kifi daga Anti Afua, wadda ta ce ta yafe masa tunda tafiya zai yi mai nisa. Umma ta soya ragon Kadri ta ƙara a kai. Yaya ya ce ba zai bar ko ɗaya ba, don mayar da guzuri cin fuska ne. Ya loda su duka a jakar da aka ɗinke wa gindi. In ka shigo gininmu, tun daga ƙasa za ka san benen da jakar take.

Na ɗauko littafi na karanta masa, ko yana so ko ba ya so. Na ce beyar na jin ƙamshin nama daga bayan dutse, kuma masu tafiya can ko man goge baki ba sa kwana da shi a tanti. Ya dubi jakar, ya dube ni. Ya ce ai beyar ɗin can ba ta san daddawa ba, ba za ta gane abinci ba ce. Amma da yamma ya tsallaka New Jersey ya dawo da wani dogon gwangwani mai jan baki, wanda ake fesa wa beyar a fuska in ta taso wa mutum. Na karanta jikinsa. Ruwan barkono ne mai tsananin ƙarfi, an rubuta kada a kuskura a fesa a cikin ɗaki, kuma ba a shiga jirgin sama da shi. Na faɗa masa. Ya ce zai yi wa mutanen filin jirgi bayani, ya rataye shi a ƙugu. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake jan tasi.

Ranar Asabar kafin tafiyar aka yi masa walimar bankwana bayan azahar, a ɗakin taro da ke ƙarƙashin masallacinmu. Ɗaki ne marar taga, sai wata ƙatuwar fanka mai tsayuwa da ake kunnawa don zafi. Maza a gaba, mata a bayan labule, amma labulen ba ya hana gani. Alhaji Kabir ya zo cikin farar babbar riga, ya zauna kusa da liman. Halima na gefena, ba ta taɓa abincinta ba. Yaya kuwa ya shigo da cikakken shiri, jaka a baya, gatari a hannu, gumi na zuba daga ƙarƙashin hular ulu. Ya yi jawabi. Ya gode wa duk wanda ya ba da guzuri, ya yafe wa duk wanda ya yi masa dariya, ya ce in an ji shiru kada a damu, dutse ba shi da sabis.

Aka kawo tsire. Abdul-Samed ya fito da wata 'yar kwalba daga aljihu ya zuba wa nasa shito, baƙin yajin nan na mutanen Gana da ake soyawa da mai. Ya ce yajin Kano ƙamshi ne kawai, ana iya shafa wa jariri. Wannan gardama ta fi ni shekaru a ginin nan, kuma Yaya bai taɓa barin ta ta wuce shi ba. Ya ce shito miya ce ta masu ciwon ciki. Ya ce a unguwarsu yajin maijego ake sa wa yara a koko. Abdul-Samed ya nuna gwangwanin da ke ƙugunsa da tsinken tsire, ya ce to ga wanda ya fi su duka, tunda har dabbar daji na gudunsa.

Yaya ya yi dariya. Ya ce wannan ai barkonon Turawa ne, mutanen da in suka ci albasa sai su nemi ruwa. Beyar na gudunsa ne don ba a yi mata renon yaji ba.

"To ci mana, chale," in ji Abdul-Samed, yadda mutanen Gana ke kiran aboki.

"Miƙo farantin."

Na yaye labule na ce, "Yaya, an rubuta a jiki." Ya ce in koma ciki, maganar maza ake. Liman ya ɗaga hannu zai fara addu'a, yana zaton hakan zai kashe maganar. Yaya ya zare makarin, ya sunkuya a kan farantin kamar mai barbaɗa gishiri, ya danna.

Ba barbaɗawa abin yake yi ba. An yi shi ne don ya tsayar da dabba daga nesa. Ya fito da ƙara, ya daki farantin, tsire ya tashi sama, jan hayaƙi ya dawo ya rufe fuskar Yaya. Da zafin ya kama shi sai ya ƙara damƙe gwangwanin, ya shiga juyawa da shi. Abin da ya rage fanka ta ɗauka ta raba wa jama'a daidai wa daida.

Addu'ar liman ta tsaya a rabin kalma. Aka fara tari daga sahun gaba, ya bi ɗakin har bayan labule. Dattawan da sai an riƙe su suke tashi daga tabarma suka riga yara kaiwa ga matattakala. Wani ya fita da takalmin hagu guda biyu. Anti Afua ta fita rungume da kular shinkafa, ta ce ba ta san ta ɗauko ba. Wani ya ja ƙararrawar gobara. Yaya ya zo fita jakar ta maƙale a ƙofa, ya toshe hanya, sai da Abdul-Samed da Kadri suka haɗa kafaɗa suka tura shi, suka zube a titi su uku, kilishi ya watse.

Kafin mu gama goge ido, motocin kwana-kwana sun cika layin. Duk unguwa ta fito kallo, 'yan Bangladesh daga shagunansu, masu wanki daga gidan wanki, wasu ta taga. Al'ummar Hausawan Bronx na zaune a jere a gefen titi cikin kayan ado suna kuka da majina. Shugaban 'yan kwana-kwana ya tambaya wa ya fesa. Babu wanda ke iya magana, amma duk hannaye suka nuna wuri guda. Ya tambaya ina beyar ɗin take. Abdul-Samed, idonsa kamar gauta ja, ya ce tana Alaska tana jira.

Halima ce kaɗai ta san abin yi. Ta sa aka kwaso butocin masallaci, ta raba mu aiki, ta ce a yi ta zuba ruwa a ido kada a murza. Ta fara da Yaya don nasa ya fi muni. Ta zaunar da shi a bakin kwalbati, ta cire masa hular, ta ce ya ɗaga kai. Fuskarsa ta kumbura, idanun sun rufe ruf. Tana cikin zuba masa aka kira ta, matar liman na da asma. Ta waiga, mutumin da ke kusa da ita Abbanta ne, babbar rigarsa ta jiƙe, hularsa ta karkace. Ta danƙa masa butar ta ruga. Alhaji ya dubi butar, ya dubi Yaya, ya ci gaba da zubawa, ɗaya hannun na tallafe da haɓarsa.

Ina tsaye a gefe da tawa butar. Na buɗe baki zan yi magana, tari ya sarƙe ni.

"Halima," in ji Yaya, da ƙarfin muryar da ya saba. "Ki tsaya ki ji, kada ki faɗa wa Abba. Wallahi tsoro nake ji. Ba na son sanyi, ba na son dutse. Dala ma a rabi na tsaya, na zauna na sha rake. Tun ranar da na ga beyar ɗin nan tana buɗe mota ban yi barcin kirki ba. Amma zan tafi. In ta cinye ni ta cinye ni, ba zan iya ganin an ba wani ke ba." Ya laluba ya kama hannun da ke haɓarsa. "Hannunki ma laushi."

Tari ya ɗauke a layin nan gaba ɗaya. Liman ya daina fyace hanci. Halima ta dawo, ta tsaya nesa kaɗan, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza, hawaye na zuba. Kowa na hawaye a ranar, amma ni na san nata ba na barkono ba ne duka.

Yatsun Yaya suka hau sama kaɗan, suka tarar da agogon ƙarfe, suka tarar da hannun babbar riga mai aiki. Suka tsaya a nan.

Alhaji bai janye hannunsa ba. Ya dubi 'yarsa ya daɗe, ya dubi motocin kwana-kwana, ya dubi kilishin da tayoyi suka taka.

"Hannuna ne," ya ce. "Ɗaga kai."

Yaya ya ɗaga kai.

"In na bari ka tafi, 'yata ba za ta yafe mini ba. In kuma ka isa can, mutanen Alaska ba za su yafe mini ba." Ya karkata butar, ya zuba masa sauran ruwan a hankali. "Ka turo magabatanka Asabar mai zuwa. Kai kuma kada ka biyo su."